Fashin baƙi: Shin sai da injin kwamfuta ake yanka kwarmi mai lanƙwasa a jikin alminiyam?

Shin ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe da ake sarrafawa da hannu, irin wanda mutum zai kafa a zaure ko a shagon ƙofar gida, yana iya yanka kwarmi mai lanƙwasa a jikin alminiyam, ko kuwa aikin ya fi ƙarfinsa? Tambayar ta daɗe tana yawo tsakanin makanikai da masu walda da masu tur, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, a Damagaram, kuma ta ƙara zafi tun da bidiyon injinan kwamfuta suka cika wayoyin samari, inda ake ganin bakin yanka yana zagaya da'ira shi kaɗai ba tare da hannun kowa ba. Daga nan wasu suka yanke hukunci cewa duk aikin da ya lanƙwashe sai an aika da shi Kano ko Yamai. Wasu kuma suka tsaya a ɗaya gefen, suna cewa ai alminiyam ƙarfe ne mai laushi, ko da injin huda da ɗan ƙarfin hali ana iya fitar da kowace siffa a jikinsa. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu daga wuri ɗaya ya samo asali: ba su tsaya sun duba daga ina lanƙwasar take fitowa ba.

Ayyuka uku da ake kira da suna ɗaya

Kafin a yi gardama ya kamata a daidaita a kan abin da ake nufi, domin idan mutum ya zo shago ya ce yana son kwarmi mai lanƙwasa, zai iya kasancewa ɗaya daga cikin abubuwa uku yake nufi. Na farko kwarmi ne miƙaƙƙe wanda gindinsa ne kawai yake da siffar kwano, kamar indararo. Wannan ba ya buƙatar komai sai bakin yanka mai mulmulallen kai, a bi da shi a miƙe. Na biyu shi ne kwarmin da ya zagaye gefen ƙarfe mai da'ira, kamar wanda bel ke kwanciya a ciki, kuma wannan aikin tur ne tun asali. Na uku, wanda shi ne abin taƙaddama, kwarmi ne da ake yankawa a fuskar faffaɗan ƙarfe wanda hanyarsa ta lanƙwashe kamar baka, wato yanki ne na da'ira, ko ma da'irar gaba ɗaya.

Irin wannan na uku ba abin ado ba ne. Shi ne tsagin da ke jikin ƙarfen da ake ɗaure dinamon mota, wanda ake zame shi a ciki don a ɗaure bel. Shi ne ake buƙata a ƙafar farantin hasken rana idan ana son a riƙa ɗaga shi da sauke shi, ganin cewa Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya kuma ana karkata farantin kimanin digiri 15 zuwa kudu. Shi ne kuma gurbin da zoben roba ke kwanciya a murfin famfon ban ruwa na masu garka.

Akwai wata kalma da ita ma take rikita mutane. A bakin jama'a ana cewa tukunyar dalma, alhali tukunyar ta alminiyam ce. Dalma ta ainihi ita ce ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin batirin mota, wadda ke narkewa a digiri 327, yayin da alminiyam sai ya kai digiri 660 yake narkewa, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Injin da ake magana a kansa kuma shi ne wanda masu sana'ar ke kira ferezas da sunansa na Faransanci, bakin yankansa kuma ferez: ɗan sandan ƙarfe mai haƙora a kai da gefe, wanda ke juyawa a wuri ɗaya yayin da tebur ke tura ƙarfen aiki zuwa gare shi.

Dalilin da ya sa hannu biyu ba sa zana baka

Teburin injin hanyoyi biyu kawai ya sani: hagu da dama, sai gaba da baya. Kowace hanya tana da hannunta na juyi da sandarta mai zare, kuma a ƙananan injina da yawa juyi ɗaya na hannu yana tafiyar da tebur milimita 2. Mutum zai yi tunanin cewa idan ya juya hannuwan biyu a lokaci ɗaya, yana bin zanen da ya yi a jikin ƙarfen da ido, baka za ta fito.

Na ga an gwada haka a gabana. Na kai wani ƙarfen ɗaure dinamo da ya tsage a wani shago a Sabon Gari don a yi mini sabo, na tarar maigidan ya fita jana'iza, sai babban yaronsa ya ce in zauna, aikin minti goma ne. Ya shafa wa ƙarfen shuɗin tawada, ya zana bakar da kamfas, ya ɗaure shi, ya kama hannu ɗaya da dama ɗaya da hagu, harshe a waje. Farkon yankan ya tafi lafiya, domin a wurin kusan hannu ɗaya ne ke aiki. Da ya iso tsakiyar bakar sai ferez ya fara fita layi, ya dawo da shi, ya sake fita ta ɗaya gefen. Da ya kashe injin ya share ɓarɓashin, bangon kwarmin ya fito hawa-hawa kamar matakalar bene, kuma ƙusar da za ta zame a ciki ta maƙale a wuri uku. Da maigidan ya dawo ya ɗauki ƙarfen ya juya shi a hannu, bai yi faɗa ba, ya ce masa kawai: "Kai yaro, ina cibiyarka?"

Yaron ba rago ba ne, kuma hannunsa bai yi rawa ba. Abin da ya yi ƙoƙarin yi ne ya fi ƙarfin ɗan Adam. A kan da'ira, rabon tafiya tsakanin hannuwan biyu ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na ƙiftawar ido: a farkon baka hannu ɗaya ne ke ɗauke da tafiyar duka, a digiri 45 su biyun sun yi daidai, a digiri 90 kuma na farkon ya tsaya cak, ɗayan ya karɓi komai. Tsakanin waɗannan wurare rabon yana sauyawa a kowane taki. Injin kwamfuta abin da yake yi ke nan, yana sake lissafa rabon sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya yana ba motocinsa umarni. Amma da'ira ta girmi kwamfuta, kuma ma'anarta ba ta sauya ba: layi ne da kowane ɗigo a kansa yake da tazara ɗaya daga cibiya. Wanda ya kafa cibiya ya tilasta wa ƙarfen ya juya a kanta ba ya buƙatar lissafin rabo ko kaɗan.

Faifai mai juyawa da yadda ake saita shi

Kayan aikin da aka ƙera don wannan shi ne faifai mai juyawa, wanda ake ɗaurawa a kan teburin inji. Yana da hannunsa na juyi, kuma a yawancin masu faɗin milimita 150 sai an juya hannun sau 90 kafin faifan ya zagaya sau ɗaya, wato kowane juyi digiri 4 ne. Akwai masu 72, waɗanda juyinsu digiri 5 ne, don haka ya kamata mutum ya ƙirga nasa tun ranar da ya saye shi.

Wahalar aikin duka a saiti take, kuma saitin biyu ne, abin da masu koyo ke yawan mantawa. Na farko shi ne a daidaita cibiyar faifan da cibiyar sandar da ke juya ferez. Ana iya yin haka da agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ɗan ƙanƙanin kaucewa, a maƙala shi a sandar a zagaya da bakinsa cikin ramin tsakiyar faifan har allurar ta daina motsi. Wanda ba shi da agogo yana iya sa mai tur ya fere masa ɗan sanda da zai shiga ramin cif, a sauke kan injin a kansa a ɗaure faifan a nan. Na biyu shi ne a daidaita cibiyar bakar da ake so a jikin ƙarfen aiki da cibiyar faifan. Hanya mafi sauƙi ita ce a huda ƙaramin rami a inda cibiyar take, a zura shi a kan ƙusar da aka kafa a tsakiyar faifan. Sau da yawa cibiyar tana faɗawa a wajen ƙarfen aikin, kamar a ƙarfen dinamo. A irin wannan hali ana ɗaure shi a kan wani faffaɗan ƙarfe na daban da ke ɗauke da ramin, wanda kuma zai kare fuskar faifan idan yankan zai huda har ƙasa.

Bayan an gama wannan sai a mayar da ma'aunin hannuwan tebur zuwa sifili, a tura teburin ta hanya ɗaya gwargwadon tazarar da ake so daga cibiya, a ce milimita 40, sannan a kulle hanyoyin teburin biyu. Daga nan teburin ba ya sake motsi, faifan kaɗai ke juyawa. Idan kwarmin yana da iyaka, yana da kyau a fara huda rami a farkonsa da ƙarshensa, a kuma rubuta digirin kowane da alli a gefen faifan, domin a cikin ƙara da ɓarɓashi ƙirgen juyi yana saurin kuɓucewa.

Akwai dabarar da ke bambanta aikin gwani da na mai koyo. Ferez mai kaurin milimita 8 ba ya ba da kwarmin milimita 8 mai tsabta, domin idan ya nutse yana ci ta gefe biyu yakan ɗan lanƙwashe ya yi rawa, kwarmin ya fito ya fi faɗi kuma bangonsa da kaushi. Abin da ake yi shi ne a ɗauki na milimita 6, a bi tsakiya a tazarar 40 ana sauka kaɗan-kaɗan, kimanin milimita 1 a kowane zagaye a ƙaramin inji, har a kai zurfin da ake so. Sannan a matsar da tebur zuwa 39 a gyara bangon ciki, a matsar zuwa 41 a gyara na waje, kuma ko wannan milimita ɗayan gara a ci shi sau biyu, a bar ɗan ƙanƙanin abu don shafa ta ƙarshe.

Saurin juya hannu ma yana da lissafi, kuma ba mai wuya ba ne. Da'irar da tazararta daga cibiya milimita 40 ce tana da zagayen kusan milimita 251, don haka digiri 4 yana daidai da kusan milimita 2.8. Ferez mai haƙora biyu da ke juyi 2500 a minti, idan kowane haƙori zai ɗebi milimita 0.03, yana son a ciyar da shi milimita 150 a minti, wato kusan juyin hannu ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan tazarar ta ninka zuwa 80, juyi ɗaya ya zama milimita 5.6, dole a rage saurin hannu da rabi. Mutum ya saba da ƙaramar da'ira ya koma babba da saurinsa na da, nan ne ferez ke karyewa.

Wasa, da alƙiblar da ake juya faifan

Babu sanda mai zare da ba ta da ɗan wasa tsakaninta da notinta, haka kuma haƙoran da ke juya faifai. Kowa ya taɓa injin ya san shi: ka juya hannu baya, ya yi ɗan tafiya a banza kafin teburin ya amsa. A Damagaram ƙurar hunturu tana ƙara shi, domin idan ta haɗu da man da ke jikin zaren ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin ƙarfen a hankali. Injin da ba a lulluɓe shi da dare yana tsufa kafin lokacinsa.

Wasan yana zama haɗari ne idan aka ciyar da ƙarfen ta alƙiblar da haƙoran ferez ke tafiya. A lokacin haƙoran suna jan ƙarfen ne zuwa cikinsu, kuma da zarar sun samu wasa sai su fizge shi gaba ɗaya a lokaci guda, ferez ya ɗebi abin da ya fi ƙarfinsa. Idan kuwa aka ciyar da ƙarfen yana fuskantar haƙoran, turawar da suke yi tana danne wasan a gefe ɗaya, aikin ya tafi a natse. Ferez na yau da kullum yana juyawa ne kamar hannun agogo idan an kalle shi daga sama. Saboda haka bangon ciki ana gyara shi ne faifai yana juyawa kamar hannun agogo, bangon waje kuma faifai yana juyawa akasin haka. Gaskiya ne cewa a alminiyam bin alƙiblar haƙora yana ba da fuska mafi sheƙi, shi ya sa wasu gwanaye ke yin shafar ƙarshe ta wannan hanya, amma sai sun ɗan matse makullin faifan don ya yi nauyi, kuma abin da suke ɗiba bai wuce milimita 0.1 ba.

Laushin alminiyam shi ne matsalarsa

Masu cewa alminiyam ba ya ba da wahala kallon kitse suke yi wa rogo. Baƙin ƙarfe yana gajiyar da ferez ta hanyar dushe kaifinsa, alminiyam kuwa manne masa yake yi. Idan zafi ya taru a bakin haƙori, ɓarɓashin yana liƙewa a kansa kamar an yi masa walda, kaifin ya lulluɓe, ferez ya daina yanka ya koma murza. Alamarsa ita ce ƙarar injin ta sauya, gefen kwarmin ya fara tasowa da gezar ƙarfe, kuma idan ba a tsaya ba ramukan da ke tsakanin haƙoran su cika taf, ferez ya ɓalle. A cikin kwarmi abin ya fi muni, domin ɓarɓashin ba shi da hanyar fita sai sama, kuma wanda ya rage a ciki ferez yana sake taunarsa.

Wannan ne dalilin da ake zaɓar ferez mai haƙora biyu, wanda ramukansa ke da faɗi, maimakon mai huɗu da ake amfani da shi a baƙin ƙarfe, kuma a tabbata mai iya nutsewa ne kai tsaye, wato kaifinsa ya kai har tsakiyar kansa. Ferez ɗin da ya riga ya ci baƙin ƙarfe ya rasa kaifin da alminiyam ke so, gara a ware masa nasa. Gudun da ya dace da ferez na ƙarfen yanka na yau da kullum a alminiyam yana tsakanin mita 60 zuwa 100 a minti, wanda ga mai kaurin milimita 6 ya haura juyi 3000, alhali ƙananan injinan gida da yawa a 2500 suke tsayawa. Ma'anar wannan ita ce a ba injin duk gudunsa, kuma kada tsoro ya sa a riƙa ciyar da shi a hankali fiye da kima, domin haƙorin da bai samu abin ɗiba ba gogawa yake yi, gogawa kuma ita ke kawo zafin da ake gudu.

Maganin mannewar tsohon abu ne: kananzir, a ɗiga kaɗan ko a shafa da ƙaramin buroshi, a kuma share ɓarɓashin bayan kowane zagaye, inji a kashe. A nan sai an yi hattara da harshe, domin abin da Bafaranshe ke kira fetirol shi ne kananzir, abin da ake kira fetur a Najeriya kuma shi ne isansi. Wanda ya aiki yaro ya fayyace masa, kada ya dawo da kwalbar isansi daga bakin titi a zuba a kan ƙarfe mai zafi kusa da motar lantarki. Kada kuma a auna aikin yana da zafi. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, ƙarfe mai tsawon milimita 100 da ya ƙara digiri 30 yana ƙaruwa da kusan milimita 0.07, wanda ya isa ya ɓata awon da ake son ya zauna cif.

Sannan ba duk alminiyam ne ɗaya ba. Wanda aka fi yabo a wannan aiki shi ne mai lamba 6061 da aka gasa ya yi tauri, ɓarɓashinsa yana karyewa ya fita da tsabta, sai dai ba kullum ake samunsa a kasuwar Dole ba. Abin da ya fi samuwa shi ne tarkacen tsofaffin injina, ko kuma dunƙulen da masu zubin tukwane suka narka. Wanda aka zuba daga gwangwanayen lemo da tsofaffin kwanoni yana da danƙo, shi ya fi kowane mannewa. Wanda aka zuba daga fiston na mota yana yankuwa da kyau, amma yana ɗauke da sinadarin silikon kimanin kashi 12 cikin ɗari, wanda ke cin kaifin ferez da sauri. Zubin gida kuma yakan ɓoye ƙananan ramukan iska da ƙwayoyin rairayi, waɗanda ba a gani sai yanka ya iso kansu. Ga ƙarfen ɗauri wannan ba komai ba ne, ga gurbin zoben roba kuwa rami ɗaya ya isa ruwa ya bi. Wasu murafun injina ma ba alminiyam ba ne, maganiziyam ne, wanda ɓarɓashinsa ke kamawa da wuta kuma ruwa ba ya kashe ta sai busasshen rairayi. Ɗigon binegar a wurin da aka kankare yana rarrabe su: a kan maganiziyam yana kumfa, a kan alminiyam ba ya yin komai.

Idan babu faifai

Faifai mai juyawa yana da tsada, kuma ba kowane mai inji ke da shi ba. Hanya mafi aminci a madadinsa ita ce ta lissafi. Ana raba bakar zuwa ƙananan kusurwoyi, a fitar da matsayin kowace da sinus da kosinus da aka koya a makaranta, wanda kalkuletar waya ke yi idan an saita ta a kan digiri. A tazarar 40, digiri 30 yana ba da milimita 34.64 ta hanya ɗaya da 20 ta ɗayar, digiri 45 kuma 28.28 ta kowace. A kowane matsayi ana kulle tebur, a nutsa ferez, a ɗaga, a matsa gaba, kullum ana isowa lambar ta alƙibla ɗaya don wasa kada ya shiga lissafin. Bangon zai fito da ƙananan tudu, amma da ferez na milimita 6 da taki na milimita 1 tsayin tudun bai wuce kusan milimita 0.04 ba, magagari zai share shi cikin mintoci. Rubu'in da'irar nan yana da tsawon kusan milimita 63, wato nutsawa sittin da 'yan kai. Aiki ne na haƙuri da takarda a gefe, amma ya fi aminci ga yatsu.

Hanyar da ta fi jan hankalin samari ita ce ta ƙusa: a kafa ƙusa a faffaɗan ƙarfe, a zura aikin a kanta, a riƙa juya shi da hannu a ƙarƙashin ferez. Ta fuskar lissafi daidai take, tunda cibiya ta kafu. Matsalar ita ce babu haƙoran faifai da za su riƙe aikin, tsokar hannu ce kawai, kuma idan ferez ya kama, ƙarfen zai juya da ƙarfin motar injin kafin mutum ya ankara. Masu yin ta da hankali suna ɗaura wa aikin dogon mariƙi don hannu ya yi nisa, suna kafa tasha biyu da za su tare shi a kowane gefe, suna danne ƙusar da noti da wasa kaɗan, kuma ba sa ɗibar fiye da rabin milimita. Ni dai ba na ba mai koyo shawarar ta, musamman a cikin cikakken kwarmi, inda ferez ke ci ta gefe biyu kuma ɗaya daga cikinsu kullum jan ƙarfen yake yi.

Injin huda kuwa bai kamata ya shiga wannan magana ba. An ƙera shi ne don danna ƙasa, kansa a matse kawai yake a cikin sandarsa ba tare da ƙusar da ke riƙe shi daga sama ba, kuma turawa ta gefe tana iya kwance shi ya faɗo yana juyawa. Ko a injin sassaƙa, ferez a zoben da aka ƙera don matse shi a cikin sandar injin ake riƙe shi, ba a kan huda mai haƙora uku ba. Wanda injin huda kaɗai gare shi yana iya jera ramuka a kan bakar ya haɗe su da magagari, kamar yadda maƙera suka saba. Kuma ko wace hanya aka bi, babu safar hannu, babu hannun riga mai faɗi ko jelar rawani kusa da abin da ke juyawa, ido kuma a cikin gilashi.

Abin da wannan ke nufi ga mai kawo aiki

Masu goyon bayan injin kwamfuta suna da gaskiya a wurare biyu. Idan lanƙwasar ba yankin da'ira ba ce, kamar siffar ƙwai ko layin da ke murɗewa yana sauya tazara, babu cibiya ɗaya da za a kafa, sai dai a bi hanyar lissafi mai cin rana. Idan kuma ana son guda ɗari iri ɗaya, hannu ba zai yi gasa da shi ba. Amma aikin da manomi ko ɗan kabu-kabu ko mai injin niƙa ke kawowa guda ɗaya ne, kuma kusan kullum yankin da'ira ne. Aika shi Kano ta Matamai ko Magarya yana nufin kuɗin mota da kwanaki, injin mutum yana kwance, kuma idan awon bai zo daidai ba babu wanda za a koma wa a unguwa.

Sai batun kuran, wato wutar lantarki. Damagaram ta dogara da layin da ke zuwa daga Najeriya ta Katsina da Gazawa, kuma kowa ya ga yadda wuta ta yi ƙaranci da aka yanke shi a watan Agustan 2023. Injin kwamfuta da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar yanka yana iya rasa matsayinsa, a sake saiti daga farko ko a yi asarar ƙarfen. Mai faifai kuwa zai kashe makunni don injin kada ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, ya ɗaga ferez, ya duba allin da ya rubuta, ya ci gaba daga digirin da ya tsaya.

Mai kawo aiki zai taimaki kansa idan ya zo da tsohon ƙarfen ko da a karye, tare da ƙusar ko zoben robar da za su zauna a kwarmin, domin daga su ake fitar da faɗi da zurfi da cibiya. Ga zoben roba mai kaurin milimita 3, zurfin gurbin yana kusan milimita 2.3, faɗinsa kusan 4, ta yadda murfin zai danne robar ta samu wurin buɗewa. Idan kuma gurbin cikakkiyar da'ira ce kuma murfin zai shiga tur, a kai shi tur, domin sawun da ferez ke bari a gindin kwarmi yana gitta hanyar zoben, ruwa yana iya bin sa ya tsiyaye, sawun tur kuwa yana zagayawa ne tare da zoben.